Ta ina za a fara da yaran JSS1 da Turanci bai zauna musu ba?

Malamar Aji Ɗaya:
Assalamu alaikum malamai. Shawara nake nema, kuma don Allah a ba ni wadda za ta yi aiki a aji irin nawa. Ina koyar da Turanci a wata ƙaramar sakandaren 'yan mata ta gwamnati a bayan garin Kano. 'Yan JSS1 ɗin da aka ba ni bana sun haura tamanin, wasu a benci wasu a ƙasa. Sikim, wato jadawalin darussan zango, ya ce makon nan rubuta wasiƙa, mako mai zuwa auna fahimta. To amma in na miƙa wa yarinya littafi na ce karanta layin farko, sai ta kafe shi da ido kawai. In na ce "Do you understand?" ajin gaba ɗaya ya ɗauka "Yes ma!" In na nuna ɗaya na ce faɗi abin da kika gane, tsit. Sun haddace "A noun is a name of any person, animal, place or thing" ba gargada, amma a ce su nuna guda ɗaya a cikin ajin, sai kallon-kallo. In bi sikim in gama a kan lokaci, ko in ajiye shi in koma ABCD? Sannan in na yi musu bayani da Hausa laifi ne?

Tsohon Firinsifal:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi miki albarka da abin ya dame ki, da yawa albashi kawai suke jira. Ta ƙarshen zan fara amsa miki: laifi ne. Yarinyar nan Hausa take ji a gida, Hausa a hanya, Hausa a Islamiyya, Hausa a rediyo da fim. Minti arba'in ɗin nan naki su ne kaɗai rabonta da Turanci a yini. In kika yanka wa Hausa rabi a ciki, me ya rage mata? Mu a zamaninmu wanda ya yi vanakula, wato ya yi Hausa a makaranta, monita ya rubuta sunansa, ranar Asabar ya sha yankan ciyawa. Kullum da safe akwai shifta, duk mako akwai muhawara. Ba mu mutu ba, kuma ga shi har yau ba ma jin kunyar rubuta takarda a gaban kowa.

Malamin Makarantar Kuɗi:
Baba ya gama magana. A makarantarmu daga bakin ƙofa Hausa take tsayawa, kuma 'yan JSS1 ɗinmu suna tsayawa a asambuli su yi jawabi. Tausayin da ake wa yara ne yake kashe su.

Ɗan Wudil:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ba musu nake da ku ba, amma ajinku da ajin Malama ba ɗaya ba ne. Ku an tace ku kafin ku shiga. A gari guda yara nawa ne suke cin jarrabawar shiga sakandare a lokacin? Waɗanda suka ci kuma makarantar kwana aka kai su, sun riga sun iya karatu tun firamare, bakinsu kawai ya rage ya saba. Hana ku Hausa ya yi aiki ne saboda kuna da abin faɗa in an hana ku. Yanzu kuwa tunda dokar UBE ta 2004 ta mai da karatun shekara tara na kowa da kowa, wanda ya gama aji shida JSS1 zai wuce, ya iya ko bai iya ba. Wadda ba ta san harafi ba in an hana ta Hausa, bakinta za ta ja ta yi shiru har ta gama aji uku. Shi kuma abokina na makarantar kuɗi, yaransa tun suna shekara uku ake musu Turanci a nazare, a gida akwai katun a talabijin, kuma ba na jin ajinsa ya kai talatin.

Malama, kafin komai ki san su wa ke gabanki. Ki samu takarda guda ki rubuta haruffa goma a hargitse, ƙasansu kalmomi goma masu sauƙi, sai gajeren sakin layi mai jimla huɗu, sai ɗan labari. Gefe ɗaya da Hausa, ɗaya gefen da Turanci. Ki ba aji wani aiki, ki zauna bakin ƙofa kina kiransu ɗai-ɗai. Za ki sha mamaki. Akwai wadda za ta rera miki ABCD har Z, amma in kika ɗora yatsa a kan "m" kika ce wannan fa, sai ki ga leɓenta yana motsi, ta koma A tana ƙirgawa da yatsu har ta iso wurin. Akwai kuma wadda kike ɗauka daƙiƙiya ce a can bayan aji, ki juya mata gefen Hausa ta zuba miki shi ba tsayawa, don ta saba karanta littattafan soyayyar yayarta a ɓoye. Wannan ta iya karatu, kalmomin Turanci ne babu. Waccan kuwa karatun ne babu kwata-kwata. Darasi ɗaya ba zai yi musu ba, sai kin raba su gida uku: masu haruffa, masu kalmomi, masu karatu.

Malamar Aji Ɗaya:
Malam, na ji wannan. To bayan na gwada su fa? Ni kaɗai ce, allo ɗaya ne.

Tsohon Firinsifal:
Abin da zan tambaya ke nan. Mace ɗaya, yara tamanin, ka ce ta raba su gida uku. Kafin ta gama da na farko na ukun sun tashi makarantar da surutu.

Ɗan Wudil:
Baba, ai ku kun fi ni sanin makarantar allo. Malam ɗaya, almajirai sun fi na Malama yawa, amma ba a taɓa cewa yau kowa sura kaza zai karanta ba. Wannan yana babbaƙu, wancan yana farfaru, wani ya yi nisa, kowa da allonsa, kuma manyan su ke biya wa ƙanana kafin a zo gaban malam. Ba a wanke wa yaro allo sai ya iya. Mu ne a boko muke wanke wa kowa rana ɗaya don sikim ya ce Juma'a ta yi.

Tsarin ma ba ni na ƙirƙiro shi ba. Wata ƙungiya a Indiya mai suna Pratham ce ta yi suna da shi, ana ce masa TaRL, wato a koyar da yaro daga inda ya tsaya ba daga ajin da aka rubuta masa ba. An kawo shi nan Kano daga 2019 a ƙarƙashin shirin KaLMA, a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, don 'yan aji huɗu zuwa shida na firamare, ana haɗa Hausa da Turanci. A wajen malaman firamaren garinmu na gani na ɗauko. Ba kuma duk darasi ake rabawa ba. Ki fara da kowa tare, sannan a minti goma sha biyar na ƙarshe masu haruffa su dawo gabanki, masu kalmomi su zauna bibbiyu da katuttukan da kika yanka daga kwalin taliya, masu karatu ki ba su labari su karanta wa juna. Daga cikin masu karatun ki zaɓi masu haƙuri biyar ko shida su zama mataimakanki. 'Yan mata suna son a ba su girma irin wannan.

Dakta Mai Nazarin Harshe:
Sannunku da ƙoƙari. Bari in sa baki a kan abu biyu.

Na farko, littafin da ke hannun Malama. Binciken masanin koyon harsuna Paul Nation da abokan aikinsa ya nuna cewa kafin mutum ya karanta rubutu shi kaɗai ya gane sosai, sai ya san kusan kashi 98 cikin ɗari na kalmomin da ke ciki. Wato a kalma hamsin, ɗaya ce baƙuwa. Yanzu ki buɗe shafin auna fahimta na littafin JSS1, ki ƙirga kalmomin da yarinyarki ta sani a layi ɗaya. Wani lokaci "the" da "and" ne kawai. Wannan ba karatu take ba, azaba take sha. Matsalar kuma tsohuwa ce. Michael West, wani Baturen Ingila da ya horar da malamai a Dakka ta ƙasar Bangaladash ta yau tun shekarun 1920, ita ya tarar: aji cike, littafi ya fi ƙarfin yara. Sai ya koma rubuta labarai da kalmomi ƙididdigaggu, ana shigo da sababbi kaɗan-kaɗan ana maimaita su. A 1953 ya fitar da jerin kalmomi kusan 2,000 da aka fi amfani da su a Turanci, kuma su kaɗai suna ɗauke da wajen kashi 80 cikin ɗari na rubutu na yau da kullum. Kalma 2,000 a shekara uku na JSS ba abin da ya gagara ba ne, in an daina ɓata lokaci a kan rabe-raben "adverb".

Na biyu, yawan karatu. A farkon shekarun 1980 Warwick Elley da Francis Mangubhai sun yi gwaji a makarantun karkarar tsibirin Fiji, inda Turanci ba harshen gida ba ne. Sun zuba wa kowane aji littattafan labarai masu hotuna wajen 250, aka ware minti 20 zuwa 30 kullum don karanta su a maimakon atisayen nahawu. Cikin wata takwas yaran sun ci gaba a fahimtar karatu da saurare kusan ninki biyu na yadda aka saba. Ba a sauya malamai ba, ba a rage yara ba, littafi kawai aka kawo wanda yaro zai iya kuma yake so.

Malamin Makarantar Kuɗi:
Dakta, littafi 250 a makarantar da alli ma malami ke saye da kuɗinsa?

Dakta Mai Nazarin Harshe:
Gaskiyarka Malam, ba za ta samu 250 ba. Amma akwai African Storybook da StoryWeaver a intanet, kyauta ne, labaran an jera su daga masu sauƙi zuwa masu wuya, wasu ma akwai su da Hausa da Turanci. Ta zaɓi gajeru ta buga, kowane labari kwafi biyar, a sa a leda don kada su yage, su riƙa zagayawa. In bugawar ma ta yi tsada, ta rubuta labarin da maka a bayan tsohuwar kalanda ta rataye. Kuma shugaban makaranta da kwamitin iyaye sun fi saurin sakin kuɗi in an ce musu ga takardu ashirin da za a buga, fiye da in an ce ana son laburare.

Maganar Hausa kuwa, Baba yana da gaskiya a wuri guda, kuma ina so a ji ta. Akwai malamin da zai karanta jimla da Turanci ya fassara, ya karanta ta gaba ya fassara, har a tashi. Yara ba wawaye ba ne. Da sun gane fassara na tafe sai su toshe kunne su jira Hausar. Wannan kam ɓarna ce. Abin da nake goyon baya shi ne Hausa ta shigo ta yi aikinta ta fita. Kalma irin "although" in kin tsaya bayyana ta da Turanci za ki ci minti biyar ba a gane ba, alhali "ko da yake" ta gama magana a numfashi ɗaya, sai ki ba da sauran lokacin su yi ta gina jimloli da ita. Amma zauna, tashi, buɗe littafi, zo nan, share allo, wa bai zo ba yau, waɗannan kada a taɓa faɗinsu da Hausa, hannu da fuska sun isa su bayyana su.

Uban Yara:
Ku yi haƙuri malamai, ni ba malami ba ne, ɗinki nake, an dai sa ni a zauren nan saboda kwamitin iyaye. 'Yata tana JSS2. Littafin rubutunta na Turanci cike yake taf, rubutu mai kyau, duk malami ya sa hannu da jan biro. Ran nan aka turo min saƙo daga banki na ce karanta min, ta kasa. Na buɗe littafin nata na ce to karanta wannan da kika rubuta da hannunki, shi ma ta kasa. Ashe zanawa take daga allo. Ni ban damu ko da Hausa ko da Larabci za ku koya mata ba. Na dai san in babu kiredit a Turanci a WAEC ko NECO babu jami'a, kuma ba ni da kuɗin lesin.

Malamar Aji Ɗaya:
Allah sarki. Alhaji wallahi haka abin yake, kuma littafin nan da ka gani shi masu duba makarantu suke fara tambaya. In ya cika, malami ya yi aiki.

Malamin Makarantar Kuɗi:
To ai gwamnati ma ta raba gardama. A watan Nuwamban 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke tsarin koyarwa da harshen uwa, ya ce Turanci ne harshen koyarwa tun daga nazare har jami'a. Masu cewa a yi da Hausa sai su kai ƙara Abuja.

Dakta Mai Nazarin Harshe:
Haka ne, kuma shekara uku kafin nan, a Nuwamban 2022, Ministan Ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya tsaya ya sanar da cewa harshen uwa za a yi amfani da shi duk shekara shida na firamare. Kafin su duka, manufar ilimi ta ƙasa tun 1977 cewa ta yi a fara da harshen yaro a ajujuwan farko sannan a koma Turanci. Ka tambayi kanka a cikin ukun nan wanne aka taɓa aiwatarwa da gaske a makarantar ƙauye, da littattafai da horar da malamai. Yaran Malama ba harshen uwa ne ya hana su Turanci ba, tunda da yawansu Hausar ma ba su iya karantawa ba.

Wanda aka gwada da gaske shi ne na Ile-Ife. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka koyar da yara duk darussa da Yarabanci na shekara shida, Turanci kuma yana matsayin darasi guda a hannun malamin da aka horar musamman dominsa. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a wasu darussan ma sun fi su. Mutane suna riƙe rabin farko su manta rabi na biyu: malamin Turancin ƙwararre ne. Kuma duk wannan maganar firamare ce. Malama darasin Turanci take koyarwa, ba wanda ya ce ta mai da shi darasin Hausa.

Mushe (Malamin Boko) na Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya, ina biye da ku daga nan Maraɗi. Mu nan yaro sai ya shiga sizyam, ajin farko na kwaleji, wato JSS1 ɗinku, yake fara Ingilishi. Gida Hausa, lakwal (makarantar boko) Faransanci, Ingilishi kuwa 'yan awoyi ne a sati har zuwa BEPC, jarrabawar gama kwaleji. Wahalarmu ta fi taku ta wani fannin, don in yaro ya fita ko allon shago ba zai gani da Ingilishi ba. Amma muna da sauƙi guda: kowa ya yarda yaron bai san komai ba, don haka daga gaisuwa ake farawa, sunana wane, wannan mene ne, ƙarfe nawa. Ku kuwa littafinku ya ɗauka yaron ya yi shekara shida yana Turanci, malami ya san ba haka ba ne, sufeto ya sani, amma kowa ya yi kamar bai sani ba. Da za ku ɗauki rabin ajin nan kamar 'yan sizyam ɗinmu na wata uku, da kun huta.

Mu ma yanzu abin ya taso mana, tunda kundin mulki da gwamnatinmu ta Nijar ta fitar a 2025 ya sa Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Iyaye sun fara tambayar Ingilishi fiye da da. Kuma ina lura da yaran da ke bin iyayensu fatauci Jibiya da Katsina da Kano, sun fi kowa saurin buɗe baki, ko da Ingilishin nasu a karye yake, don sun ga inda ake cin abinci da shi.

Ɗalibar NCE:
Malamaina ina gaisuwa, ni ina koyon aikin koyarwa ne yanzu a wata JSS. Tawa matsalar dariya ce. Yarinya ta tashi ta ce "fiful" ko "beri gud", aji ya kwashe da dariya, shi ke nan ba za ta sake ɗaga hannu ba har zango ya ƙare. Wadda kuma ta iya, in ta yi sai a ce wai Baturiya, ita ma ta yi shiru. Ya zan yi?

Ɗan Wudil:
Ƙanwata, wanda ya fi kowa dariyar ma in kin tashe shi haka zai faɗa. Harshenmu ne bai raba "p" da "f" ba, ba shi da "v", ba shi da "th", kuma ba ya son baƙaƙe su cunkushe, shi ya sa muke cusa wasali a tsakani. Ki faɗa musu haka ƙarara, su san ba daƙiƙanci ba ne. Sannan ki sa kowa ya yago 'yar takarda ya riƙe a gaban bakinsa. A ce "pan", leɓe biyu su haɗu su fashe, takardar ta yi tsalle. A ce "fan", haƙoran sama su hau leɓen ƙasa, iska ta fita a hankali. Kowa ya kalli bakin na kusa da shi ya ga ko haƙori ya fito. Za a yi dariya, amma ajin duka ake yi wa, ba mutum ɗaya ba. Minti uku ya isa, ki riƙa yi jefi-jefi.

Kada kuma ki tsayar da yarinya tana tsakiyar magana don gyaran lafazi. Ki bari ta kai aya. Kuma ki rage tashin mutum ɗaya a gaban tamanin. Ki ce kowa ya juya ga na kusa da shi ya gaya masa abu uku da ya yi jiya bayan an tashi. Aji zai yi hayaniya, firinsifal zai leƙo, amma a minti biyu yara tamanin sun yi Turanci. In ɗai-ɗai kike tashi, a darasi guda ba za ki wuce shida ba, kuma kullum su ne dai shidan.

Tsohon Firinsifal:
Duk kun kauce wa babbar magana. Malamin shi kansa ya iya? A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa samun maki 75. An yi ta rigima a kan yadda aka yi jarrabawar da korar da ta biyo baya, amma wanda ya zauna ofis irin nawa ya karanta takardun neman izini da malamai ke rubutowa ba zai ce ƙarya ba ne. Tun da aka rufe kwalejojin horon malamai masu ba da Grade II abin ya taɓarɓare. Da yawa masu komawa Hausa a aji ba don tausayin yara suke yi ba, nasu Turancin ne ya ƙare.

Dakta Mai Nazarin Harshe:
Wannan ba ni da ja, Baba. Sai dai malamin da Turancinsa ke rawa, in an hana shi Hausa, kwafar rubutu a allo zai koma, don allo ba ya tona asiri. Irin littafin 'yar Alhaji ke nan. Shi ya sa ma nake nacewa a kan labarai. In malami yana karanta wa yara labari da ƙarfi kullum, suna jin Turanci daidai ko da nasa na baki bai kai ba, shi ma kuma yana ƙaruwa ba tare da kowa ya sani ba.

Malamar Aji Ɗaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Saura sikim. In masu dubawa suka zo suka ga makon rubuta wasiƙa ne ni kuma ina kan haruffa, takardar tuhuma zan sha.

Ɗan Wudil:
Kada ki ajiye sikim, ki sauko da shi. Wasiƙa aka ce ko? Ki ce yau za mu rubuta wa ƙawarmu da aka mayar makarantar Bichi, me za mu gaya mata? Su faɗa da Hausa in sun so: an yi mana sabuwar malama, rufin ajinmu yana yoyo, mun yi kewarki. Ke kuma ki mayar da kowanne gajeriyar jimlar Turanci a allo, biyar ko shida, da adireshi da gaisuwa da sallama a inda suka dace. Ku karanta tare kina bi da sanda. Sai ki goge kalma ɗaya a kowace jimla ki ja layi, su sake karantawa suna cikewa da ka. Ki ƙara gogewa. Kafin a jima allon duk layuka ne amma suna karanta wasiƙar, kuma sun san ma'anar kowace kalma don maganarsu ce. Daga nan masu karatu su rubuta tasu ga wadda suka ga dama, na tsakiya su kwafa suna cike guraben, masu haruffa su zo gabanki ku nemo duk kalmar da ta fara da "s" ko "m" a cikin wasiƙar. A littafin shirin darasinki an rubuta wasiƙa, a allo wasiƙa, a littafin yara wasiƙa. Sufeto ba shi da abin cewa. Nahawun ma daga nan za ki ciro shi: ga "we miss", in jiya ne ya za a ce?

Ɗalibar NCE:
To Malam gyaran littafi tamanin fa? Ni biyu nake kaiwa na dare.

Ɗan Wudil:
Ba a gyara duka. Yau layi ɗaya na benci, gobe na gaba. Kuma ki sanar tun farko abin da za ki duba, misali makon nan babban harafi da aya kawai. Shafin da aka wanke da jan biro yaro ba ya karanta shi, maki kawai yake dubawa ya rufe.

Tsohon Firinsifal:
Har yanzu ban yarda da Hausa a ajin Turanci ba, kuma in ina raye zan so in ga sakamakon BECE, jarrabawar gama JSS3, na yaran nan. Amma 'yata, duk abin da za ki ɗauka a nan kada ki bar shifta. Jimla uku daga abin da suka riga suka karanta a makon, ba daga sama ba. Ki karanta sau ɗaya su saurara biro a ajiye, na biyu a hankali su rubuta, na uku su duba. Su yi musayar littafi, ki rubuta daidai a allo, kowa ya gyara na ɗan'uwansa da fensir. Kalmar da aka fi faɗuwa a kanta ki dawo da ita ranar Litinin.